Bayan cire tayirod: kurakuran da ke dagula wa mutum rai

Na gaji da ganin waɗanda aka yi wa aikin maƙoƙo suna faɗawa rami ɗaya. Ɗinki ya warke, amma bayan 'yan makonni sai ɓacin rai ba gaira ba dalili, ga mantuwa, ga mutuwar jiki, ga jin sanyi. Sai mutum ya ɗauka halinsa ne ya lalace. Ba haka ba ne. Ƙwaƙwalwa tana buƙatar sinadarin da tayirod, wato ƙullin da ke gaban wuya, ke samarwa: jiki yana juya nau'insa da ake kira T4 zuwa wani nau'in, T3, shi kuma T3 yana da hannu a aikin sinadarai irin su serotonin da ke daidaita yanayin rai. In an cire tayirod gaba ɗaya, ƙwayar levothyroxine ce aka saba bayarwa don cike gurbin, har ƙarshen rayuwa.

Kuskuren da ya fi cutar da ni shi ne haɗa ƙwayar da karin kumallo. Na daɗe ina faɗa da iyalina a kan abin da bai kai ya kawo ba, ashe abinci da kofi ne ke hana maganin shiga jini yadda ya kamata. Haba jama'a, an ce a sha ciki ba komai, da ruwa zalla, a jira minti 30 zuwa 60, me ya yi zafi? Ni a gefen gado nake ajiye ƙwayar da kofin ruwa, ina buɗe ido na haɗiye, ba na sa komai a baki sai awa ta cika. Maganin ƙarin jini da na kalsiyam kuwa, a ba su tazarar awa 4.

Na biyu, ƙara wa kai magani ko daina sha don an ji sauƙi. Maganin yana daɗewa a jiki, sai kusan mako guda rabinsa ke fita, shi ya sa wanda ya daina ba ya gane ɓarnar da wuri. Wanda ya ƙara kuma ya gamu da bugun zuciya, fargaba da rashin barci. Gwajin jini na TSH, mai nuna ko maganin ya yi daidai, shi ne alƙali, mako 6 zuwa 8 bayan kowane canji.

Jin tsira-tsira a leɓe ko yatsu bayan aiki alamar ƙarancin kalsiyam ce, a koma asibiti a ranar. Mai shan biotin, wato bitamin da ake sha don gashi da farce, ya gaya wa likita, yana rikita sakamakon gwaji. Mai juna biyu ta sanar da wuri, yawanci ana ƙara mata maganin.

In gwaji ya daidaita amma damuwa ba ta tafi ba, a ga likitan ƙwaƙwalwa. Wanda tunanin cutar da kansa ya zo masa, kada ya jira ranar ganin likita da aka ba shi.