Yadda ake gwada ƙasar gonar da ke kusa da wurin haƙar ma'adinai

Duk wanda yake da gona a gindin dutsen da ake haƙar ma'adinai, ko yake da ɗan'uwa mai zuwa aikin zinare a yankin Birnin Gwari yana dawowa Zariya da buhun duwatsu, ya kamata ya san cewa ƙarafa masu guba irin su dalma da zaiba da kadmiyom da arsenik ba su da wari, kuma ba sa sauya wa ƙasa launi. Shuka tana iya yin kore shar alhali guba tana jikinta. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 sun rasu saboda ana niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje, ƙurar tana sauka a tsakar gidan da suke rarrafe. Ido ba ya gano wannan, sai gwaji.

Wajen ɗibar ƙasa ne aka fi yin kuskure. A ƙasa mai tuddai guba tana bin ruwa ne ta gangara, don haka a fara duba hanyar da ruwan damina yake bi daga ramin haƙa, da wurin wanke dutse, da tulin tarkacen da aka zubar, har zuwa kwari ko fadamar da laka take kwanciya. A raba gonar kashi uku: tudu, gangare da kwari, kada a haɗa ƙasarsu. A kowane ɓangare a ɗebi ƙasa a wurare 10 zuwa 15, daga sama zuwa zurfin santimita 20, wato iyakar inda garma take kaiwa, a gauraya a bokitin roba mai tsabta, a cire kamar rabin kilo. Idan tsakar gida ce, ƙasar saman nan kaɗai ake kankarowa, domin ita ce take shiga bakin yaro. Kada a yi amfani da kwano mai tsatsa ko mai fenti, saboda shi kansa yana iya ɓata sakamakon. A shanya a inuwa, a ƙulle a leda, a rubuta wuri da kwanan wata. Yana da kyau a ƙara da ƙasar wata gona mai nisa da wurin haƙar, domin a samu abin kwatantawa.

Mutanen Zariya sun yi dace ta wannan fuska, tunda ana iya fara tambaya a Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, ko Sashen Kimiyyar Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, ko cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, wato NARICT, da ke Basawa. Sai dai a faɗa ƙarara cewa gwajin ƙarafa masu guba ake so, in ba haka ba za a iya auna ƙarfin taki kawai. Ga dalma, kafin 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana ɗaukar miligiram 400 a kilo ɗaya na ƙasa a matsayin iyaka a wurin wasan yara.

Idan sakamako ya nuna guba, a sani cewa ƙona ciyawa ba ya kawar da ita, kuma tafasa ruwa ba ya cire dalma. A tsakar gida, abin da aka yi a Zamfara shi ne kwashe ƙasar sama, a binne ta nesa da rijiya, a zuba sabuwa. A gona kuwa, a daina shuka alayyahu da latas da karas, waɗanda suka fi hatsi ɗaukar guba, a kuma guji shinkafa a kwarin da arsenik ko kadmiyom ya taru. Farar ƙasa da takin gargajiya suna iya rage dalma da kadmiyom da saiwa take zuƙa, amma ƙarfen yana nan a ƙasa. Mai aikin haƙa ya bar tufafinsa da takalmansa a wurin aiki, kada dutse ya shiga turmin daka ko injin niƙan hatsi, sannan a kai yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki asibiti a auna dalma a jininsu.