Darasi: Teɓa, zaman wuri ɗaya da kumburin aljihun hanji

A jikin babban hanji, wato inda saurar abinci ke taruwa kafin ta fita, wasu wurare kan yi rauni idan shekaru suka ja, sai fatar ciki ta turo waje kamar ɗan aljihu. Waɗannan aljihunan sun fi fitowa bayan mutum ya wuce shekara 40, kuma yawancin masu su ba sa jin komai har ƙarshen rayuwarsu. Matsala tana tasowa ne ranar da ɗayansu ya kumbura, abin da likitoci ke kira dibertikulit. A lokacin ne mutum zai ji ciwon da ba ya lafawa a ƙasan cikinsa, galibi ta hagu, tare da zazzaɓi da tashin zuciya, wani lokaci da taurin bayan gida ko zawo.

A shekarar 1971 likitoci biyu, Neil Painter da Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Uganda, sun lura cewa cutar ta yi yawa a Ingila alhali da wuya a gan ta a ƙauyukan Afirka, suka danganta ƙarancinta a ƙauyukan da cin abinci mai dusa da ɓawo. Manomin Adar da ke shan furar hatsi, yana cin wake da zogale, yana kuma wuni da hauya a hannu, irin mutumin da suke nufi ke nan. Amma ɗan'uwansa da ya yi ritaya a cikin garin Tawa ya sauya hali: burodi da shayi da safe, farar shinkafa da rana, balangu da dare, kuma ko kasuwa zai je sai ya tsayar da ɗan kabu-kabu. Idan teɓa ta turo riga, abokai su ce: "Alhaji, hutu ya karɓe ka." A ganina wannan yabon yana cutar da dattawanmu.

Wani bincike da aka yi a Amurka ya bi maza kimanin 47,000 tsawon shekara 18, aka tarar cewa masu ƙiba sosai sun fi sirara kamuwa da kumburin, kuma faɗin ƙugu shi ma yana ƙara haɗarin. Waɗanda suka fi motsa jiki kuwa, musamman motsi mai ƙarfi irin gudu, sun fi tsira daga kamuwa da kumburin. Motsi yana taimaka wa hanji ya tura abin da ke cikinsa ba tare da yunƙuri ba, shi kuma kitsen ciki ana danganta shi da kumburi a jiki.

Ba a ce dattijo mai ciwon gwiwa ya kama gudu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 na matsakaicin motsi a mako, wato rabin awa sau biyar, kuma tafiya da sauri bayan sallar asuba ko bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi, tana cikin lissafi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likita. Taba sigari tana ƙara haɗarin, haka nan yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da ake saye a bakin hanya. Wanda ciwon ciki da zazzaɓi suka kama, ko ya ga jini a bayan gida, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya shan jiƙo.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya ari awon tela, ya zagaya shi daidai cibiya ba tare da ya shanye cikinsa ba, ya rubuta lambar a littafinsa. Namijin da ya haura santimita 102, ko macen da ta haura 88, ya nuna wa ma'aikacin lafiya lambar, sannan ya sake awon bayan wata uku na tafiya.