Yadda zaka binciko asalin gidanku a zongo ba tare da aljihu ya ji jiki ba

Yawancinmu yaran zongo in aka ce ka jero kakanninka, da ka wuce sunan baban babanka sai ka fara kame-kame, ƙarshe kace "ai mu daga Kano muka zo" shikenan magana ta ƙare. Wace unguwa a Kano, yaushe, fatauci ne ya kawo shi ko soja ko karatu, ba amsa. Wani ma in ka bi a hankali sai ka tarar ba Kanon bace, Katsina ce ko Sakkwato ko Borno, wani kuma Bazabarme ne ko Moshi ko Kotokoli ko Wangara, Hausar ce kawai ta haɗa mu a unguwannin Aboabo da Asawase da Alabar na nan Kumasi har kowa ya zama ɗaya. To wannan binciken ba sai mai kuɗi ba wallahi. Kayan aikin su ne wayarka, littafi ɗaya mai bango mai ƙarfi, biro, goro, da kuɗin trotro, wato motar haya.

Kada ka fara da intanet. Fara da tsofaffi, kuma cikin tsofaffin ma fara da mata. Alhaji zai baka sunan maza a jere, wane ya haifi wane, ya gama cikin minti biyar. Amma Hajiya ita ce ta san wa ya auri wa, wacce ta fita ta sake aure a Techiman, wane yaro aka ba goggonsa riƙo har mutane suka ɗauka ita ta haife shi, kuma wannan maganar riƙon in baka kula ba ita zata rikita maka lissafin gaba ɗaya domin a gidajenmu "ɗana ne" ba lallai yana nufin haihuwa ba. Ka je da hantsi bayan ta karya, ko bayan la'asar, ka riƙe goro da ɗan kuɗin koko, ka zauna ƙasa ka gaisa sosai. Kada ka zaro littafi kamar ma'aikacin ƙidaya. Kace "Hajiya Kaka, so nake in ji labarin zuwanku gidan nan", ka nemi izini ka kunna rikodin a waya ka ajiye ta gefe, sannan ka yi shiru. In ta kauce ta shiga labarin yadda ake ɗaure goro a ganye a da, ka barta, sau da yawa a cikin kaucewar ne sunan da kake nema zai faɗo. Kuma zama ɗaya baya isa, ka koma bayan sati ka karanto mata abin da ka rubuta, zaka ji tace a'a ba haka nace ba, daga nan gyara ya fara.

Tambayar "a wace shekara" ɓata lokaci ce, ba wanda zai ce maka 1938. Ka tambaya da abin da ya faru. An haife ki kafin Sarkin Asante Nana Prempeh na farko ya dawo daga inda Turawa suka kai shi ko bayan nan? Ya dawo Kumasi a 1924, ya rasu 1931. Girgizar ƙasar Ankara 1939 ce. Ranar da rana ta yi husufi gari ya yi duhu, Mayun 1947. 'Yancin kai 6 ga Maris 1957, an bar fam da sule an koma sidi 1965, an tuɓe Nkrumah 1966, korar baƙi ta gwamnatin Busia ƙarshen 1969, motoci sun koma hannun dama 1974, yunwa da dawowar mutanenmu daga Najeriya 1983. Ka rubuta waɗannan a shafin farko na littafinka. In tace "ina goyon babanka lokacin da aka canza kuɗi", ka samu shekarar haihuwarsa kusan daidai, wataƙila ma ta fi wadda ke jikin katinsa gaskiya.

Duk mutumin da aka ambata ka nemi sunansa na yanka, da laƙabinsa, da sana'arsa, da sunan maigidan da ya sauke shi ranar da ya iso. Wannan na ƙarshen yana da nauyi sosai, domin baƙo a zongo gidan maigida yake sauka, shi ke sayar masa da shanu ko ya haɗa masa goro, wani lokaci har ya bashi mata, don haka jikokin maigidan suna iya riƙe da rabin labarinku ba tare da kun sani ba.

Daga nan sai akwati. Kusan kowane tsohon gida akwai wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado da ba a buɗewa sai an yi rasuwa. Ka nemi a buɗe maka a gaban mai shi. Abin da zaka fara dubawa shi ne tsohon Alƙur'ani ko littattafan da ke cikin gafaka, ka juya warƙar farko da ta ƙarshe, malaman da suna rubuta haihuwa da rasuwa a nan da tawada, da Larabci ko ajami, misali an haifi wane daren Juma'a ga watan Rajab shekara kaza. In baka iya karanta rubutun ba kai wa malamin makarantar allo, amma hoton zaka kai masa ba takardar ba. Shekarar Hijira kuwa lissafinta ba wuya, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, kaga 1350 zata baka 1931. Sai tsohon fasfo na Hajji, rasit na harajin gida, takardar fili, katin asibiti, takardar sallama daga soja, wasiƙun da 'yan uwa suka aiko daga arewa. Hotuna ka juya bayansu, sau da yawa akwai hatimin mai hoto da sunan gari. Ka shimfiɗa komai a kan farin zane kusa da ƙofa inda haske yake, ka kashe fitilar kyamara, ka ɗauki gaba da baya, ka mayar yadda ka same shi. Kada ka liƙa salatif a takardar da ta yage, kuma dan Allah kada ka tafi da ko ɗaya gida, rigimar gado da yawa daga "wane ya ɗauke takardun gida" take farawa.

Akwai wurin da zaka ga baki ya mutu, kuma gara ka san dalili tun yanzu. A Nuwamban 1969 gwamnati ta ba duk baƙon da bashi da takardar zama sati biyu ya bar ƙasar, gidaje suka rabu, wa ya tafi ƙane ya zauna, wasu suka sauya suna ko garin da suke cewa sun fito. Wanda ya ga wannan da idonsa, kuma ya ga yadda har yau ake yi wa ɗan zongo tambayoyi wajen yin fasfo ko Ghana Card, in ka zo kana tambayarsa garin babansa da waya a kunne dole ya yi ɗari-ɗari. Ka gaya masa a fili cewa na gida ne, ba inda za a kai, kuma ka cika alkawarin. Haka maganar bauta, Salaga babbar kasuwar bayi ce a da, akwai gidajen da asalinsu ya bi ta nan. In ka ci karo da irin wannan ka rubuta a littafinka ka rufe, ba abin sawa a guruf ɗin dangi bane sai manya sun yarda.

Sanin hanyar da mutane suka biyo yana rage maka yawo. Fataken Gwanja daga ƙasar Hausa suke tasowa da jakuna, su bi ta Borgu da Yendi su sauka Salaga su sayi goron Tonawa, wato mutanen Asante. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa su, wasu Kete Krachi, wasu Yeji, Atebubu, Kintampo, daga baya da Turawa suka ci Asante zongon Kumasi ya cika. Saboda haka in an ce kakanka ɗan goro ne, akwai yiwuwar ya yi zama a ɗaya daga waɗannan garuruwan kafin Kumasi, kuma zuwa Atebubu ya fi zuwa Kano araha nesa ba kusa ba. In kuma soja ne, to layinsa daban, tun daga dakarun Hausa na Bature Glover a yaƙin 1874 har rundunar Gold Coast da ta je Gabashin Afirka da Bama a yaƙin duniya na biyu. In kakarka Batoniya ce, wato 'yar Asante, su ta wajen uwa suke lissafin dangi, sai ka nemi abusuapanyin, wato shugaban dangi, na gidansu a ƙauye.

Sai ka tara sunaye da garuruwa sannan zaka je gidan ajiyar takardu. PRAAD, hukumar ajiyar takardun gwamnatin Ghana, suna da reshe a nan Kumasi wajen Cultural Centre, babban ofishinsu yana Ankara, akwai kuma na Tamale mai takardun arewa. Akwai ma'ajiyar fadar Manhyia mai bayanan shari'o'in kotun Asantehene, wato Sarkin Asante. Ana biyan ɗan kuɗin rajista, ka tafi da katin shaida da fensir, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto kafin ka ɗaga waya. Kada ka je kace a nemo maka fayil ɗin kakanka, babu shi. Ka nemi fayilolin zongo, naɗin sarakunan ƙabilu, rigimar limanci, rabon filaye, shari'ar gado da bashi, a cikin masu sa hannu da shaidu ne sunan zai fito. Kuma ka buɗe ido da yadda akawun Bature yake rubuta suna, Muhammadu ya koma Mahama ko Mama, Ibrahim ya koma Braimah, Umaru Moro ko Imoru, Hadiza Adisa, sojoji kuma ana manna musu gari ko ƙabila, irin su Kano, Moshi, Grunshi, a matsayin suna na biyu. Rubuce-rubucen malamai na Larabci da ajami, har da na Alhaji Umaru na Kete Krachi wanda ya rasu 1934, suna Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a Legon, in gidanku gidan malanta ne wannan tafiyar ta cancanci kuɗin mota.

Intanet kuma ka tsaya a na kyauta. Shafin binciken asali na FamilySearch ba a biya, kuma suna da takardun ƙidayar Ghana ta 1984, inda zaka iya ganin mutanen gida ɗaya a jere da shekarunsu. Shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth shima kyauta ne ga wanda kakansa ya tafi yaƙi bai dawo ba. Gwajin DNA dai ni ban ga amfaninsa ga mai ƙaramin ƙarfi ba, da dala ake biya, kuma ƙarshenta ya ce maka kai mutumin Afirka ta Yamma ne.

Duk abin da ka rubuta ka sa wanda ya faɗa maka da ranar da ya faɗa, in mutum biyu sun saɓa ka rubuta duka biyun kada ka zaɓi wanda ya fi daɗi. Rikodin ɗin ka tura su imel ɗinka ko Google Drive a daren, waya tana faɗawa kwata ko a zare ta a kasuwar Kejetia. Kuma ka riƙa zuwa suna da aure da addu'ar arba'in da littafinka a jaka, nan ne dangin Tamale da na Nima da na Legas suke haɗuwa a tsakar gida ɗaya ba tare da ka biya kuɗin motar kowa ba, sai dai ka jira a gama rabon abinci kafin ka matsa kusa da tabarmar tsofaffi.