Yadda zaka riƙa rubuta rahoton aiki in kai sabon injiniya ne

Ƙanina, tun ranar farko ka sayi ɗan littafi ka sa a aljihu. Kullum kafin ka tashi daga wurin gini ka rubuta kwanan wata, buhun siminti nawa aka fasa, rodin da aka ɗaura mai milimita 12 ne ko 16, leburori nawa suka zo, ruwan sama ya tsaida aiki ko a'a, in kuma ɗan kwangila ya canza wani abu daga zane to wallahi kar ka yarda da maganar baki, rubuta ya sa hannu a take. Ka haɗa da hoto a waya. Ranar da zaka nemi rajistar COREN, wato hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, daga littafin nan zaka tsamo rahoton ayyukan da ka yi.