Yadda za ka haɗa kwamitin unguwa idan kan mutane ya rabu

Tun 2019 nake riƙe da littafin kwamitin ruwa na layinmu a Mabera, nan cikin Sakkwato. Abin da na gani da idona shi ne, duk lokacin da manyan unguwa suka dare gida biyu, waɗanda ake fara mancewa da su su ne marasa ɓangare: mata, makafi da guragu, da baƙi 'yan haya.

A waccan shekarar ƙuri'a 342 kacal ta raba Tambuwal da Ahmed Aliyu a zaɓen gwamna, kuma zafin abin ya biyo mu har bakin famfo. Cikin kujeru tara mun yi niyyar ba mata biyu, naƙasassu ɗaya, baƙi ɗaya. Da aka zo rabo, 'yan wannan jam'iyya suka ce sai huɗu, 'yan waccan ma suka kafe a kan huɗu, mai unguwa ya cike ta tara. Kujerun da muka ware suka bi ruwa, babu wanda ya ce uffan, har da ni. Abin yana ci mini rai har yau, shi ya sa nake rubuta yadda muka gyara.

Fara da wurin zama. Kada ka kira taro a ƙofar masallaci, na 'yan Izala ne ko na 'yan Ɗariƙa, kada kuma a gidan ɗan siyasa ko da ya yi alkawarin kujeru da ruwan leda. Wanda ya ƙi zuwa ba zai faɗa maka dalili ba, cewa zai yi uzuri ya taso. Mu a filin makarantar firamare muke zama, ranar Asabar bayan La'asar. Lahadi da safe maƙwabtanmu Kiristoci suna coci, in ka sa taro a lokacin ka kore su ba tare da ka buɗe baki ba. Gayyata kuwa da ƙafa ake yin ta, gida gida, don a zauren WhatsApp masu zafin kai ne ke magana, masu kunya su yi shiru.

Addu'ar buɗe taro ma a shirya ta tun kafin a zauna. Wani zai kawo Salatil Fatihi, wani ya sunkuyar da kai ya ƙi shafawa, kafin a taɓo maganar ruwa zukata sun yi tsami. Saɓanin nan ya girmi yawancin samarinmu, tun da a 1978 aka kafa Izala a Jos, ba kuma kwamitin famfo ne zai warware shi ba. Mun yarda a kan gajeriyar addu'a, wannan watan limamin nan, wata mai zuwa na can.

Babban aikin yana wajen kujeru. Ka rubuta na marasa ɓangare a littafi, a karanta, kowa ya amsa, kafin a ambaci kalmar shugaba. Da zarar an fara ja-in-ja kan shugabanci, kowace kujera ta zama abin ciniki. Sannan su da kansu za su zaɓi wakilansu. In ka bar wa manya, kowane ɓangare zai jawo nasa makahon da zai ɗaga hannu idan an zungure shi. Makafi suna da sarkinsu, guragu ma haka, je ka gaishe su ka nemi su turo wanda suka yarda da shi. In wani ya ce alfarma ake musu, tuna masa cewa a Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a don su iya shiga.

Ranar da wakilin guragu ya fara zama da mu, ya gangaro da keken hannunsa har gindin tanki, ya dubi matakala uku da muka gina muna alfahari da su, ya ce da ni, “Malam, wanga famfo na masu ƙafa na.” Shekara guda muna ɗibar ruwa a wurin, babu ɗayanmu da ya lura. Buhun siminti biyu ya ishe mu yin gangara.

Mata da yawa ba za su zauna cikin maza ba, kada ka tilasta. Su yi nasu zaman a cikin gida kwana biyu kafin namu, dattijuwa biyu su kawo abin da aka tsayar, kuma a ƙidaya ƙuri'arsu daidai da ta kowa. Wani ya taɓa miƙewa ya ce sa mata a kwamiti koyi da Turawa ne. Wani dattijo ya amsa masa a natse cewa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864 take kwance a Hubbare, ita ke naɗa wa jajis, wato malamai mata, malfa ta tura su ƙauyuka su karantar da mata. Mutumin ya koma ya zauna. Matan ne suka nuna mana cewa buɗe famfo da hantsi na hana 'yan mata zuwa makaranta, muka mayar da shi bayan Asuba da bayan La'asar.

Kuɗi kuma, hannu biyu za su sa kafin a cire ko naira ɗaya, ɗaya daga kowane ɓangare. Ma'ajinmu na yanzu Bayarabe ne mai shagon kayan babur, ɗan haya, kuma ɓangarorin biyu ne suka nemi ya riƙe. Gudummawa a karɓa daga kowa, amma kada a rubuta sunan kowa a jikin tanki, kada a shafa masa fenti mai launin jam'iyya. A ƙarshen kowane zama ka karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da babbar murya, don wakilin makafi ya ji, ka kuma miƙa wa dattijuwan nan takarda ɗaya su kai cikin gida.