Kurakuran da sababbin malamai suke maimaitawa wajen koyar da ilimin halayyar ɗan Adam na fagen shari'a a lise

Ilimin halayyar ɗan Adam na fagen shari'a, wato nazarin tunani da halin masu laifi da shaidu don amfanin kotu, ba darasi ba ne mai zaman kansa a makarantunmu na lise (babbar sakandare) a Nijar, don haka malamin da ya shigo da shi a nan Damagaram yakan saƙa shi cikin darasin filozofi na ajin ƙarshe, inda ake tattauna adalci da ƴanci da alhaki, ko kuma ya kai shi ƙungiyar muhawara da ɗalibai suke yi da yamma. Yara suna son shi ƙwarai, kuma son da suke yi masa ne yake ruɗin sababbin malamai, domin idan malami ya ga aji ya yi tsit ana sauraronsa sai ya ɗauka ilimi ne yake shiga. Na gaji da ganin ƙannena malamai suna faɗawa rami ɗaya shekara bayan shekara, shi ya sa na rubuta abin da na saba gaya musu a ɗakin malamai. Gyare-gyaren da zan kawo al'adata ce, kuma na san akwai abokan aikin da za su saɓa mini.

Kuskuren da ya fi kowane muni shi ne koya wa yara wai akwai alamomin da ake gane maƙaryaci da su. Malami zai kwaso jeri daga bidiyon Facebook ko TikTok ya zuba a allo: kawar da ido, sosa hanci, in'ina, gumi, wasa da yatsu. Ɗalibai kuma za su karɓa hannu biyu, har wani ya ƙara da cewa ai labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan karin magana tana aiki tsakanin aminai, amma ba ta isa hujja a gaban alƙali ba. A shekarar 2006 Charles Bond da Bella DePaulo sun tattara bincike fiye da 200 a kan yadda mutane suke rarrabe gaskiya da ƙarya, suka tarar ana dacewa ne a kashi 54 cikin 100, alhali wanda ya rufe ido ya yi canke zai samu kashi 50. Waɗanda aikinsu ne yin tambayoyi, kamar ƴan sanda da alƙalai, ba su yi wa sauran mutane wani zarra ba. To, balle a garinmu, inda yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya haɗa ido da babba, inda budurwa take sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi idan namiji yana yi mata tambaya, inda kowa yake gumi a watan Afrilu ko bai yi laifin komai ba. Jerin nan, idan aka bi shi, yaro mai ladabi ne zai fara kamawa.

Ba da ka nake wannan magana ba. Wata shekara aka tura ni horo, na bar ƙungiyar muhawara a hannun wani matashin malami mai himma, shi kuwa ya cika allo da irin waɗannan alamomi. Ba a jima ba salular wata ɗaliba ta ɓace. Yaran suka rufe ƙofar aji lokacin shan iska, suka jera juna suna tambaya, har suka tsaya a kan wani yaro ɗan ƙauye da yake zaune gidan kawunsa, wanda dama yana da in'ina. Ya kalli ƙasa, ya riƙa jan zaren bakin rigarsa, maganar ta ƙi fita, sai wani ya nuna allo ya ce ga alama ta ɗaya da ta uku sun cika. Aka kira shi ɓarawo a gaban kowa. Daga baya aka ga wayar a shagon da take kai ta caji. Shugaban makaranta ya rufe ƙungiyar har ƙarshen shekara, yaron ya bar makarantar, ni kuma da sunana yake kan ƙungiyar na je zauren kawun ba da haƙuri. Dattijon ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Malam, mun kawo muku shi ku koya masa karatu, ashe kotu kuka buɗe." Ban sami abin da zan mayar masa ba.

Abin da nake yi yanzu shi ne in juya darasin. Nakan zaɓi ɗalibai huɗu in keɓe da su, biyu su ba da labarin gaskiya a kan abu marar nauyi, kamar inda suka yi Sallar bara, biyu kuma su ƙirƙira. Aji ya kaɗa ƙuri'a, mu ƙirga a allo, kuma kusan kullum waɗanda suka fi cika baki su ne suke shan kunya. Bayan haka ne nake kawo binciken. Idan aka tambaye ni na'urar gane ƙarya, nakan ce bugun zuciya da numfashi da gumi take aunawa, wato tsoro, kuma rahoton da cibiyar masana kimiyya ta Amurka ta fitar a 2003 ya nuna hujjar ingancinta ba ta da ƙarfi.

Kuskure na biyu ɗan'uwan na farko ne, kuma a nan ne nake son ƙannena su ji faɗa. Ana koyar da Cesare Lombroso, likitan Italiya da ya yi da'awa a 1876 cewa akwai mutanen da aka haifa masu laifi, kuma ana gane su ta siffar kai da muƙamuƙi da kunne, sai a tsaya nan saboda labarin yana da daɗi. Ba a faɗa wa yara cewa a 1913 Charles Goring ya auna dubban fursunonin Ingila ya kwatanta su da waɗanda ba fursunoni ba, bai ga wata siffa ta mai laifi ba. Malamin da ya tsallake Goring ya koyar da camfi ne da sunan kimiyya. Mafi muni, idan ana neman misali na kusa sai baki ya zarce zuwa unguwar Kara-Kara ta nan Damagaram da majalisun samarin da ake dangantawa da faɗace-faɗace, waɗanda ake kira ƴan pale. Haba ƙanena! Ka duba rajistarka kafin ka buɗe baki. A cikin ajin nan akwai ɗan unguwar, akwai wadda yayanta yake zama a irin wannan majalisa, akwai wanda mahaifinsa yake gidan kaso, kuma kai ba ka san ko wane ne ba. Unguwar da aka daɗe ana ƙyama saboda tarihinta na matsugunin kutare ba ta buƙatar malami ya ƙara mata tambari. Idan kana son yin magana a kan abin da yake jefa matashi cikin laifi, ka yi ta a kan rashin aikin yi, da barin makaranta, da ƙwaya, da dukan da yaro ya sha a gida, ba tare da ka kira sunan unguwa ko ƙabila ba.

Haka nan kada ka taɓa cewa ɗalibai su kawo labarin laifin da aka yi a gidansu ko maƙwabtansu. Ni shari'o'in da aka gama yankewa a nesa kawai nake amfani da su. Idan kuwa ɗaliba ta tsaya bayan darasi ta fara gaya maka abin da aka yi mata, kada ka zama mai bincike kana jero mata tambayoyi. Ka saurara, ka kai maganar ga hukumar makaranta da waɗanda aikinsu ne kare yara.

Sai batun shaida. Sababbin malamai sukan wuce shi da sauri domin babu jini a ciki, alhali nan ne kitsen darasin yake. Yara suna zuwa da yaƙinin cewa wanda ya gani da idonsa ba ya kuskure, musamman idan ya rantse. Amma tunawa kamar tabarma ce da ake sake saƙa ta duk lokacin da aka ɗauko, kuma mai tambaya yana iya cusa nasa zaren. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai hoton bidiyo na haɗarin mota, suka tambayi wasu da kalma mai nuna mummunan karo, wasu da kalma mai sauƙi. Na farko suka ƙiyasta gudu mafi yawa, kuma bayan mako ɗaya 16 cikin 50 daga cikinsu suka ce sun ga fasasshen gilashi, 7 cikin 50 kawai a ɗaya rukunin, alhali babu gilashin da ya fashe a bidiyon. A Amurka, Ronald Cotton ya shafe fiye da shekara goma a kurkuku saboda matar da aka yi wa fyaɗe a 1984 ta nuna shi da cikakken yaƙini, sai gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke shi a 1995. Ba ƙarya ta yi ba, kuma wannan ne abin da nake so yara su riƙe.

Ni nakan shirya da wani ma'aikaci da ɗalibai ba su saba gani ba, ya shigo ana tsakiyar darasi, ya ɗauki kwalin alli a kan teburi ya fita. Bayan rabin awa in raba takardu iri biyu. Rabin aji ana tambayarsu abin da mutumin ya saka, ɗaya rabin ana tambayarsu launin hularsa, shi kuwa kansa babu hula. Za ka ga an rubuta fara, an rubuta ja, har da mai cewa zanna ce. Idan mutumin ya dawo ya tsaya a gaban allo, shirun da yake biyo baya ya fi bayanin awa guda. Amma ka sanar da shugaban makaranta tukuna, kuma kada a yi ihu, kada a riƙe ko da sanda.

Amsa laifi ma haka. Ɗalibi zai ce wanda bai yi ba ai ba zai amsa ba, malami kuma ya gyaɗa kai. A birnin New York a 1989 samari biyar masu shekara 14 zuwa 16 sun amsa laifin far wa wata mata bayan doguwar tuhuma, aka ɗaure su, sai a 2002 aka soke hukuncin da ainihin mai laifin ya fito kuma gwaji ya tabbatar. Gajiya da tsoro da alkawarin za a bar ka ka tafi gida sun isa su sa yaro ya sa hannu. Kuma kada a nuna wa ɗalibai cewa masanin halayya ba ya kuskure: a shari'ar Outreau ta Faransa an wanke mutum 13 tsakanin 2004 da 2005, bayan an tsare da yawansu shekaru, kuma rahotannin masana na cikin abin da aka fi suka.

Wani abin da yake ba ni haushi shi ne koyar da kotun finafinan Amurka kamar ita ce tamu. Tsarinmu daga Faransa muka gada, akwai mai gabatar da ƙara, akwai alƙalin bincike, akwai alƙalin yara, kuma masani rahoto yake bayarwa idan alƙali ya nema, hukunci ba nasa ba ne. Kan batun taɓin hankali, dokar Faransa ta 1810 ta ce babu laifi idan mutum ba ya cikin hankalinsa lokacin da ya aikata, ɗalibanmu kuwa sun san hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mai barci da yaro da mahaukaci, don haka daga nan nake farawa. Abin da ake tambaya shi ne halin mutum a lokacin aikin. Mafi yawan masu taɓin hankali ba sa cutar da kowa, kuma ba na yarda ɗalibi ya laƙaba wa abokinsa sunan wata cuta ko da wasa.

Sauran ƙanana ne. Hoton gawa ba ya koyar da komai, a bar shi. Gwajin kurkukun Philip Zimbardo na 1971 shi kansa an tsayar da shi bayan kwana shida, don haka kada wani ya raba aji gida biyu, masu gadi da fursunoni, wai zai maimaita. Kada a yi wa yara alkawarin aikin farautar masu kisa irin na talabijin, a gaya musu hanyar ita ce jami'a, ta fannin shari'a ko ilimin halayya ko likitanci. Idan ka gama bayani da Faransanci, ka sa ɗalibi ɗaya ya maimaita da Hausa, nan za ka gane ko haddace kalmomi ya yi. Kuma a ajin da yake fuskantar jarrabawar bakaloreya, ni ba na barin wannan fanni ya ci fiye da zama uku, sannan in ba su tambayar rubutu a kan alhaki ko adalci su yi amfani da misalan a ciki.