Yadda ake ɗaga bayan babur ko sauke shi

Mai gajeren ƙafa yakan so a sauke masa bayan babur domin ya riƙa taka ƙasa sosai idan ya tsaya, mai bin hanya mai gargada kuwa ɗagawa yake nema. Ko wanne ne burinka, ka fara da awo. Ka ɗaga babur har tayar baya ta bar ƙasa, ka auna daga tsakiyar notin tayar zuwa wata alama da ka yi a jikin babur daidai samansa, sannan ka sauke shi ka hau, wani ya sake auna maka. Bambancin da ke tsakanin awon biyu shi ne nutsewar babur da nauyinka, kuma a yawancin baburan titi ana so ya kasance tsakanin milimita 30 zuwa 35.

Idan babur ɗinka mai shokazoba biyu ne, aikin bai da wuya: ka auna tsohuwar shokazobar daga ramin noti na sama zuwa na ƙasa, ka sayi wadda ta fi ta tsawo ko gajarta kaɗan, ka canza ɗaya bayan ɗaya.

Mai shokazoba ɗaya a tsakiya shi ne ke buƙatar natsuwa, domin sau da yawa a ƙarƙashinta akwai wasu ƙarafa da ke haɗa ta da ƙarfen da ke riƙe tayar, kuma su ake musanyawa. A babura da yawa, ƙarafa masu tsawo ne ke sauke baya, gajeru su ɗaga shi, amma tsarin ya bambanta, don haka ka nemi waɗanda aka ƙera wa samfurin naka. Ƙarin 'yan milimitoci a wannan wuri yana ninkuwa kafin ya kai ga taya. Ka tallafe tayar da katako kafin ka zare noti, in ba haka ba nauyinta zai maƙale shi. Ka shafa giris, ka ɗaure gwargwadon ƙarfin da littafin babur ya faɗa.

A nan ne mutane da yawa ke ajiye sifana, alhali da sauran aiki. Babur da aka sauke bayansa kaɗai yakan yi nauyin juyawa a kwana, shi ya sa ake sauke gaban ma daidai gwargwado, kuma jak ɗin gefe zai yi masa tsawo, har iska mai ƙarfi ta iya kayar da shi, sai an rage tsawon jak ɗin. Wanda aka ɗaga kuwa yana saurin shiga kwana, amma kansa na iya rawa a gudu. Sake daidaita sarƙa wajibi ne, haka ma fitilar gaba. Ka kuma duba ko tiyon birki bai miƙe ba, sannan ka ɗauki fasinja ka bi rami a hankali, ka saurara ko taya na gogar madigadi.